Matuƙin da Aka Gasa a Murhun Burodi

A shekarar 2007, a garin Riverside na jihar Kalifoniya, akwai wani matashi ɗan ƙasar Meziko da zaman gida ya isa. Sunansa Jordi Muñoz, bai daɗe da cika shekara ashirin ba. Ya tsallako Amurka tare da matarsa mai juna biyu, yana jiran takardar izinin zama, kuma kafin ta fito babu damar aiki, babu damar shiga makaranta. Wata da watanni yana ɗaki. Abin da ya mallaka bai wuce kwamfuta da intanet ba, sai wani ɗan jirgin wasa mai saukar ungulu, irin wanda ake tuƙawa da rimot.

A Ensenada aka haife shi a 1986, ya girma a Tijuana, bakin iyakar Amurka. Tun yana yaro ba shi da zance sai na jirgin sama. Sau biyu yana neman gurbin karatun injiniyan jiragen sama a babbar kwalejin fasaha ta ƙasa da ke birnin Meziko, sau biyu ana mayar da shi gida. Don haka wanda ya zauna a ɗakin nan na Riverside ba shi da digiri ko ɗaya, Turancinsa ma da ƙyar.

Duk wanda ya taɓa riƙe rimot ɗin irin wannan jirgi ya san wuyar sha'aninsa. Ka ɗan karkata shi hagu, sai ya zarce. Ka gyara, sai ka wuce gona da iri. Kafin ka ƙifta ido ya daki bango. Jordi ya ga cewa matsalar ba ta jirgin ba ce, ta hannun mutum ce, domin hannu ba ya saurin da ake bukata. Sai ya ɗauko abin riƙewa na na'urar wasan Nintendo Wii ya farke shi. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai ƙwayar wake ba, wadda aikinta shi ne jin motsi da karkata. Ya ciro ta, ya haɗa ta da Arduino, wani ɗan allon kwamfuta mai arha da aka ƙirƙira a Italiya don ɗalibai, ya ɗaura su a jikin jirgin, ya shiga rubuta umarnin da zai sa jirgin ya riƙa gyara tsayuwarsa da kansa.

Abin da yake ƙoƙarin haɗawa shi ne matuƙi na na'ura, kuma aikin irin wannan matuƙi ya yi kama da na yarinya mai talla da ta ɗora faranti a ka tana tafiya tana hira. Ba ta tunanin farantin, amma wuyanta bai daina aiki ba: da ya soma zamewa ta ji, ta gyara tun kafin ya yi nisa. Haka matuƙin na'ura yake yi, sai dai nasa jin a rarrabe yake. Akwai abin da ke gaya masa saurin juyawarsa, akwai mai gaya masa ina ne ƙasa, akwai kamfas mai nuna arewa, akwai ma'aunin nauyin iska mai nuna nisansa daga ƙasa, sannan GPS na gaya masa inda yake a doron duniya. Matsalar ita ce kowane ɗayansu yana ƙarya ta wata fuska. Mai jin juyawa yana da sauri amma sannu a hankali yana bauɗewa. Mai nuna ƙasa girgizar inji tana ruɗa shi. Kamfas wayoyin lantarkin jirgin na jan hankalinsa. GPS kuwa yana makara. Gwanintar manhajar ita ce ta saurari waɗannan shaidu duka, ta san wanda za ta gaskata a wane lokaci, ta yanke hukunci, ta umarci farfela. A jirage masu farfela huɗu na yau, ana maimaita wannan sau 400 a cikin daƙiƙa ɗaya. A lokacin da Jordi ya fara, irin wannan kaya na soja ne da manyan kamfanoni, ana sayensa da dubban daloli, kuma a rufe yake ruf, ba wanda zai leƙa ya ga yadda aka rubuta shi.

A can arewacin jihar, a Berkeley, wani mutum daban yana fama da irin wannan larura, ko da yake shi babu abin da ya rasa. Chris Anderson shi ne babban editan mujallar Wired a lokacin, marubucin da littafinsa ke sayuwa a duniya, mai 'ya'ya biyar. Wani ƙarshen mako a 2007 ya kawo wa yaran kayan wasa biyu da aka aiko ofis don a gwada: akwatin haɗa mutum-mutumi na Lego da jirgin rimot. Yaran suka haɗa mutum-mutumin suka ga bai yi kama da na fim ba, suka watse. Jirgin kuma ya ƙare a kan bishiya. Uban ne abin ya kama. Ya lura cewa na'urorin jin motsi da ke cikin akwatin Lego za su iya tuƙa jirgin fiye da shi, ya haɗa wani abu mai kama da matuƙi da su, sannan ya buɗe wata mahaɗa a intanet mai suna DIY Drones don masu irin wannan sha'awa su riƙa nuna wa juna abin da suka haɗa.

Nan Jordi ya ɓullo. Ya fara da ba da haƙuri kan raunin Turancinsa, sannan ya sa hoton bidiyon jirginsa, ya kuma zuba duk abin da ya rubuta a fili, kowa ya ɗauka. Anderson ya kalla ya ga wannan ya fi kowa a wurin sanin abin da yake yi. Ya aika masa da cakin dala 500 ya ce ya ci gaba. Bai taɓa ganinsa ba, bai tambayi takardunsa ba. Sai daga baya ya gano cewa ƙwararren da yake ta musayar saƙo da shi yaro ne da iyakar karatun da ya kammala sakandare ce. Anderson ya sha faɗa cewa da ta hanyar neman aiki aka bi, da takardar Jordi ba za ta ma iso teburinsa ba.

Da kuɗin nan Jordi ya sayi kayan haɗi. Allon lantarki irin na zamani ba a liƙa masa ƙananan kayansa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ana shafa dalma mai laushi ne, a jera kayan, a sa a wani murhu na musamman da zai narkar da dalmar daidai gwargwado. Irin wannan murhu ya fi ƙarfin aljihunsa. Sai ya sayi ƙaramin murhun gasa burodi na lantarki, ya yi masa dabarar da zai riƙa sarrafa zafinsa, ya gasa alluna arba'in. Ranar da ya sa su a kasuwa, ranar suka ƙare. Shi kuwa Anderson, kayan farko da ya sayar shi da 'ya'yansa suka ɗaure su a kan teburin cin abinci, a cikin kwalayen fiza. A 2009 mutanen biyu suka kafa kamfanin 3D Robotics. Manhajar kuma aka sa mata suna ArduPilot.

ArduPilot na farko abin dariya ne idan aka gwada shi da na yau. Bai ma dogara da na'urar jin juyawa ba. Wasu idanu ne masu jin zafi ake ɗaurawa a jikin jirgin suna kallon gefe da gefe. Tunda sama ta fi ƙasa sanyi, idan fiffiken dama ya sunkuya, idon dama zai ga ƙasa mai ɗumi, na hagu ya ga sama mai sanyi, sai na'ura ta gane an karkata. Dabara ce mai kyau ranar da gari ya waye tas. Ranar hazo ko kusa da tsauni kuwa, sai abin da Allah ya yi.

Shawarar da ta sa abin ya wuce nan ita ce wadda suka yanke tun farko: allon za a sayar, manhajar kuwa kyauta ce, kuma a buɗe. Kowa na iya karanta ta layi-layi, ya gyara, ya ƙara. Sharaɗi ɗaya ne a lasisin da suka zaɓa, wato GPL: idan ka gyara ka rarraba wa wasu, dole ka ba su rubutun gyaran naka su ma. Mutane suka fara zuwa daga inda ba a zata ba. Jason Short, mai zanen kayayyaki a San Francisco, ya rubuta sashen jirage masu farfela da yawa a lokutan hutunsa. Randy Mackay, ɗan Kanada mazaunin Japan, ya karɓe shi daga baya ya riƙe shekara da shekaru. Michael Oborne daga Ostiraliya ya rubuta Mission Planner, manhajar da mutum ke buɗe taswira a kwamfuta ya danna wuraren da yake so jirgi ya bi. A Zurich ta ƙasar Suwizalan kuma wani ɗalibi mai suna Lorenz Meier, wanda ke nasa aikin daban a jami'ar ETH, ya fitar da MAVLink a 2009, wato harshen da jirgi da kwamfutar ƙasa ke magana da shi. Daga aikin ƙungiyarsa aka samu manhajar PX4 da allon Pixhawk, wanda 3D Robotics ta fara ƙerawa a 2013, ArduPilot ma ta koma kansa bayan ta cika ƙaramin allon Arduino maƙil.

Amma baƙon da ya fi kowa sauya gidan shi ne Andrew Tridgell na Kanbera, wanda abokan aikinsa ke kira Tridge. Shi ba yaro ba ne a wannan fage. Shi ya rubuta Samba a farkon shekarun 1990, manhajar da ta sa kwamfutocin Windows da na Linux suke musayar fayil, kuma yana cikin mutum biyun da suka ƙirƙiri rsync. Rigimar da ta tashi a kansa a 2005 ce ma ta sa Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya zauna ya rubuta Git, wadda yau kusan duk masu rubuta manhaja ke ajiyar aikinsu da ita. Abin da ya jawo irin wannan mutum cikin masu wasa da jirgin roba shi ne wani mutum-mutumi da ake kira Outback Joe.

Labarin Joe shi ne, tun 2007 ake wata gasa a garin Kingaroy na jihar Queensland, wadda hukumar binciken kimiyya ta Ostiraliya, CSIRO, da jami'ar fasaha ta Queensland suke cikin masu shirya ta. Ana ɗaukar mutum-mutumi a sa masa tufafi da malafa, a kai shi daji a kwantar, a matsayin matafiyin da ya ɓata ƙishirwa na neman kashe shi. Aikin masu gasa shi ne su tashi jirgi mara matuƙi daga filin jirgin garin, ya yi tafiyar kilomitoci, ya bincike yankin, ya gano Joe, ya jefa masa kwalbar ruwa rabin lita kusa da shi ba tare da ya buge shi ba, ya dawo lafiya. Ladan dala 50,000 ta Ostiraliya. A baki abu ne mai sauƙi. Shekara bakwai ana yi ba wanda ya ci. Jami'o'i sun zo daga ƙasashe daban-daban da kayan tsada, wasu jiragensu ko tashi ba su yi ba, wasu suka faɗi a hanya, wasu iska ta yi gaba da su. Joe dai na nan kwance.

Tridge da abokansa suka kafa ƙungiyar sa kai mai suna CanberraUAV, suka ɗauki ArduPilot. Da ya duba rubutun manhajar sai ya kawo mata tarbiyyar da ba ta da ita. Ya gina hanyar da za a riƙa tashin jirgi na ƙarya a cikin kwamfuta, ta yadda duk gyaran da wani ya kawo sai an gwada shi a can kafin ya taɓa jirgin gaske. A ganina wannan ne ranar da ArduPilot ta tashi daga abin wasa, ko da yake ba aiki ne mai ɗaukar ido ba, kuma ba shi ake sawa a bangon mujalla ba. Dokokin gasar ma sun yi nasu aikin. Masu shiryawa sun ce dole jirgi ya san iyakar filin da aka ba shi, idan ya tsallake ta ya katse tafiyarsa da kansa. Shingen da ba a gani da aka rubuta don cika wannan sharaɗi yana cikin manhajar har yau, kowa na amfani da shi.

A 2012 jirginsu ya gano Joe, amma ruwan bai isa gare shi ba, suka koma gida ba babban lada. A 2014 suka dawo. Jirgin ya tashi, ya yi ta kai da kawowa a kan daji layi bayan layi yana ɗaukar hoto, kwamfutar da ke cikinsa tana tace hotunan tana neman abin da bai yi kama da ciyawa ko kututture ba. Ta gano shi. Alƙalai suka tabbatar da wurin, suka ba da izini, jirgin ya lissafa iska da saurinsa ya saki kwalbar. Ta sauka mita 2.6 daga inda Joe yake. A shekarar ƙungiyoyi huɗu ne suka kai masa ruwa bayan shekarun da ko ɗaya ba a samu ba, CanberraUAV ce ta zo ta ɗaya. Da suka koma gida suka wallafa duk abin da suka yi amfani da shi, har da kurakuransu, don masu zuwa gasa ta gaba su ɗauka.

Ana cikin haka kuɗi suka shigo. Anderson ya ajiye aikin Wired a ƙarshen 2012 ya koma shugabancin kamfanin gaba ɗaya. Aka buɗe masana'anta a Tijuana, garin Jordi, da ofisoshi a San Diego da Berkeley. Masu zuba jari suka zuba kusan dala miliyan 100. Kamfanin ya fara biyan wasu daga cikin masu rubuta ArduPilot albashi. Sai aka yanke shawarar a kara da DJI, kamfanin birnin Shenzhen na ƙasar Sin wanda jirginsa Phantom ya mamaye kasuwa. A watan Afrilun 2015 aka ƙaddamar da Solo, baƙin jirgi mai kyan gani, a kan kusan dala dubu ɗaya ba tare da kyamara ba.

Daga nan komai ya bi ta baya. Abin riƙe kyamara da ke hana hoto rawa, wanda shi ne dalilin sayen jirgin, bai fito ba sai bayan watanni. An yi kuskuren ɗaukar odar da manyan shaguna suka yi a matsayin ciniki, alhali suna da damar mayar da abin da bai sayu ba. DJI kuwa, mai masana'antarta a hannunta, ta yi ta karya farashi har inda ba mai iya bin ta. Bisa binciken da mujallar Forbes ta wallafa a 2016, Solo kusan 22,000 kawai aka sayar zuwa ƙarshen 2015, sama da 60,000 na jibge a rumbuna. Aka sallami ma'aikata, aka daina ƙera jirage, kamfanin ya koma sayar da manhajar auna filayen gine-gine. Jordi ya bar shi ya buɗe ɗan ƙaramin kamfaninsa na ƙera alluna. Albashin masu rubuta ArduPilot ya tsaya.

A 2016 ne kuma aka raba gari. Tun 2014 an haɗa ArduPilot da PX4 a ƙarƙashin wata inuwa mai suna Dronecode, wadda gidauniyar Linux ke kula da ita, da manyan kamfanoni irin su Intel da Qualcomm a ciki. Kamfanonin sun fi son lasisin PX4, wanda ya yarda ka ɗauka ka gyara ka rufe naka ka sayar. Mutanen ArduPilot suka ce su ba za su saki sharaɗinsu ba: wanda ya ci daga tukunya ya mayar da nasa. Aka yi baram-baram, ArduPilot ta fita. Wanda ya kalli lamarin a 2016 zai ce ta mutu, tunda ba kamfani, ba kuɗi, ba inuwa.

Ba ta mutu ba, domin babu wanda ya mallake ta balle ya rufe ta ranar da ya karye. Masu rubuta ta suka kafa tasu ƙungiyar, ƙananan kamfanonin da ke cin abinci da ita suka riƙa ba da gudummawa, aiki ya ci gaba. Yau tana tuƙa jirage masu fiffike da masu farfela da masu saukar ungulu, tana tuƙa motoci da kwale-kwale da ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa. Wani manomi a lardin Manitoba na Kanada ya ɗaura allon Pixhawk a tarakta, ta riƙa zuwa da kanta tana karɓar hatsi daga injin girbi, ya huta da neman direba a lokacin kaka. Masu aikin sun ce an sa ta a cikin abin hawa sama da miliyan ɗaya, kuma wannan ƙiyasi ne, tunda ba wanda ke neman izini kafin ya sauke ta.

Wannan rashin neman izini yana da ɗaya fuskar. Ranar 1 ga Yunin 2025, wasu manyan motoci ɗauke da ɗakunan katako suka tsaya kusa da sansanonin sojan sama a cikin ƙasar Rasha, direbobinsu, bisa rahotanni, ba su san abin da suka ɗauko ba. Rufin ɗakunan ya buɗe, ƙananan jirage masu farfela huɗu suka yi ta fitowa. Hukumar tsaron Yukren ta ce ta shafe shekara ɗaya da rabi tana shirya harin, kuma jirage 117 aka yi amfani da su. An kai hari sansanin Olenya a yankin Murmansk, da Dyagilevo, da Ivanovo, da Belaya a Saiberiya, wanda ke da nisan sama da kilomita 4,000 daga Yukren. Manyan jiragen yaƙi masu jefa bama-bamai irin su Tu-95 suka kama da wuta a inda aka ajiye su. Yukren ta ce ta taɓa jirage 41. Jami'an Amurka sun ce kusan ashirin, goma daga ciki sun ƙone ƙurmus.

Da hotunan bidiyon harin suka fito, waɗanda suka san harkar ba wutar suka tsaya kallo ba. Rubuce-rubucen da ke gefen hoton suka gane, domin na ArduPilot ne. Dalilin zaɓenta ma a fili yake. An ruwaito cewa ta layukan wayar salula na Rasha aka riƙa tuƙa jiragen daga nesa, kuma umarnin da ya bi irin wannan hanya yana makara, wani lokaci ya yanke. Ana bukatar abin da zai riƙe jirgin a tsaye a sama kafin umarni na gaba ya iso, wato aikin nan da aka fara rubuta manhajar dominsa.

Masu rubuta ArduPilot suna da ƙa'idar da ta hana su taimaka wa aikin makami da saninsu. Amma ƙa'idar su ta ɗaure, ba ta ɗaure wanda ya sauke manhajar ba, kuma lasisin bai tambayi kowa abin da zai yi da ita ba. Ƙofar da 'yan Yukren suka shiga a buɗe take ga 'yan Rasha, da ma duk wanda ke da intanet. Anderson ya rubuta cikin mamaki cewa wannan ita ce manhajar da ta faro daga gidansa shekara 18 da suka wuce. Jason Short ya ce shi ko a mafarki bai taɓa hango haka ba, abin da ya so kawai shi ne ya ƙera mutum-mutumi mai tashi.